Tambaya da Amsa: Oga ya ce in ƙona tsofaffin fayiloli

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin rajista ne a wani ofishin gwamnati a Daura. Sitonmu ya cika maƙil, rufi na yoyo, gara ta fara cin fayilolin da ke ƙasa. Oga ya ce kafin damina in fitar da duk wanda ya haura shekara 10 in cinna masa wuta, wai haka doka ta ce. Da baki ya faɗa mini. Hankalina bai kwanta ba. In magana ta taso gobe, wa za a kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai za a kama, ɗan'uwa, domin ranar bincike babu mai tuna umarnin baki. Kada ka ƙona ko takarda ɗaya tukuna.

Wannan magana ta "shekara 10" ta ishe ni. Kusan duk rajistar da na shiga sai na ji ta, kuma in ka ce a nuna maka inda aka rubuta, sai a fara kame-kame. Tsufa kaɗai ba ya yanke wa takarda hukunci, abin da ke cikinta ne ke yankewa. Takardar gayyatar taro, rarar kwafin sakula (takardar sanarwa da ake raba wa ma'aikata), takardar neman hutun da aka riga aka shigar a fayil ɗin mai ita, waɗannan gajeren rai gare su. To amma fayil ɗin ma'aikaci fa? Mutum zai iya yin shekara 35 yana aiki, kuma ranar da ya ajiye ne ake neman takardar ɗaukarsa aiki ta farko da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma. Akwai dattawan da aka ɗauka tun Katsina na cikin jihar Kaduna, kafin 1987. Je ka ga yadda suke wahala wajen tantance 'yan fansho idan fayil ya ɓace. Wani ya rasu, marayu na bin giratuti, a ce babu shaida. Takardun filaye da gonaki kuwa, sai bayan shekara 40 rigimar gado ke tono su. Bauca (takardar shaidar biyan kuɗi) da rasit ba a taɓa su sai odita ya gama, an amsa duk tambayoyinsa, kuma babu shari'a a kansu. Masu cewa "ai mun saka a kwamfuta" su ma su saurara: hoton da ke cikin wayar akawu ba ma'adana ba ne. Wallahi raina yana ɓaci in ga takardar albashin bawan Allah an naɗe ƙosai da ita a tasha, alhali amana ce aka ba mu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ce lalata takardun gwamnati da gangan laifi ne, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara 1. Ofisoshin tarayya kuma Dokar Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa ta 1992 ce ke tsara yadda za su zubar da takardu, ba son ran shugaba ba. Reshen ma'adanar na Kaduna har yau yana riƙe da fayilolin Lardin Katsina na zamanin Turawa, saboda wasu akawuna sun kula.

Ka yi jeri: lambar fayil, sunansa, ranar buɗewa da ta rufewa. Ka rubuta wa Oga cikin ladabi, ka haɗa da jerin, ka roƙi izini a rubuce tare da jadawalin da ya ba kowane irin takarda wa'adinsa. Masu kama da tarihi a nemi shawarar Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Wanda aka amince a lalata, a yi gaban shaidu har da odita, kowa ya sa hannu, a adana jerin.

Kafin nan, ɗauke fayilolin daga ƙasa ka jera bisa kanta nesa da bango, a yi feshin gara, ka kuma rubuta buƙatar gyaran rufin a takarda daban, ka riƙe kwafinka.