Tambayi Likita: kilishi, oksijin da alƙaluman masu bincike

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni direban babbar mota ne daga Kano, kilishi ne abokin tafiyata. Ɗana ya karanta min a waya wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa a aji ɗaya da taba sigari, kuma yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin ɗari. Ke nan in haƙura da shi?

Amsa: Malam, ɗanka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya kawo maka. A watan Oktoban 2015 ne cibiyar binciken sankara ta hukumar, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta fitar da wannan sanarwa, kuma busasshen nama irin na Turawa mai kama da kilishi yana cikin misalan da ta bayar. Zama aji ɗaya da taba yana nufin hujjar cewa suna jawo sankara ta yi ƙarfi a kan duka biyun. Ba ya nufin ɓarnarsu ɗaya ce. Mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha haɗarin sankarar huhu ninki 15 zuwa 30.

Shi kuwa kashi 18, tambayar ita ce: kashi 18 na me? A Ingila, kusan mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da sankarar hanji a tsawon rayuwarsu. In duka ɗarin nan suka riƙa cin giram 50 na irin wannan nama kullum ta Allah, shidan za su koma kusan bakwai. Mutum ɗaya ya ƙaru. Kashi 18 da "mutum ɗaya cikin ɗari" magana ɗaya ce, sai dai ta farkon ta fi tsinka zuciya, shi ya sa masu yaɗa labari suka fi son ta. Ka ci kilishinka jefi-jefi, kada ya zama abincin safe da rana. In kuma akwai kwalin sigari a aljihun motar, shi ne abin da ya kamata mu yi faɗa a kai.

Tambaya: Likita, jikana ya kwanta da ciwon huhu, aka ce za a sa masa oksijin, na hana. A unguwarmu duk wanda aka sa wa robar nan a hanci, gawarsa ake dawowa da ita. Na ƙirga mutum huɗu da idona.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ƙirgenki daidai ne, kuma da za a buɗe littafin kowane asibiti, za a ga waɗanda aka sa wa oksijin sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a sa wa ba. Amma wa ake sa wa? Yaron da ƙirjinsa ke lotsawa ciki duk numfashi, hancinsa na buɗewa yana rufewa, ƴar na'urar da muke maƙala masa a yatsa tana nuna oksijin ɗin jininsa ya yi ƙasa da kashi 90. Wanda ya shigo da ƙafarsa yana wasa da igiyar zanen uwarsa ba ma sa masa. Tsananin ciwon ne ya jawo robar, shi ne kuma yake kisa. Gidan maɗori cike yake da masu karaya, ba wanda ya taɓa cewa shi yake karya su.

Abu biyu su riƙa tafiya tare, wannan alaƙa ce kawai. Kafin a ce ɗaya ne sanadin ɗaya, sai an kawar da na ukun da ke laɓe a baya. Shi ya sa in ana gwada sabon magani ake raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don masu tsanani su faɗa kowane ɓangare daidai. Inda ƙuri'a ba ta yiwuwa, sai a tara hujja. Wasu masu bincike ƴan Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, sun nuna alaƙar taba da sankarar huhu a 1950, sannan daga 1951 suka bi likitocin Birtaniya shekara da shekaru: mai sha da yawa ya fi kamuwa, wanda ya daina haɗarinsa ya ragu. Oksijin ba shi da irin wannan laifi a kansa. Don Allah, in har yanzu yaron yana kwance, ki koma yau ki ce a sa masa.

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce, ina rubuta aikin kammala karatu. Malaminmu ya ce in "p" bai kai 0.05 ba an ci nasara. Nawa ya fito 0.07. Aikina ya lalace ke nan?

Amsa: Ƙanwata, bai lalace ba. Abin da p ke faɗa shi ne: da a ce babu wani bambanci na gaskiya tsakanin rukunoni biyun da kika kwatanta, sau nawa katari kaɗai zai haifar da bambanci mai girman wanda kika gani ko fiye? Naki ya ce sau 7 cikin 100. Iyakar 0.05 ba wahayi ba ce. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya yaɗa ta a 1925 don sauƙin aiki, ta zama al'ada. Tsakanin 0.04 da 0.07 ba wani kogi. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fito a 2016 ta ja kunne cewa p ba ya auna girman tasiri ko muhimmancinsa. In mutanenki sun kai dubu ɗari, maganin da ya rage hawan jini da ɗigo ɗaya tal zai ba ki p ƙarami ƙwarai, alhali ba abin da ya tsinana wa majiyyaci.

Abin da nake jin tsoro shi ne ki fara yanka bayananki gunduwa-gunduwa, maza daban, mata daban, ƴan birni daban, har sai 0.05 ya faɗo. Zai faɗo kuwa, domin in kika yi gwaji ashirin a kan abin da babu komai cikinsa, ana sa ran ɗaya ya "ci". A 1988 an wallafa wani babban gwaji a kan mutum sama da 17,000 masu bugun zuciya, wanda ya nuna asfirin na rage mutuwa. Masu binciken, da gangan don su nuna wautar irin wannan yanka, suka raba majiyyatan bisa burujin haihuwarsu. Sai ga shi asfirin "bai yi aiki ba" ga ƴan Jauza'u da Mizani!

Ki rubuta girman bambancin da kika samu, da iyakokin nan biyu na tabbaci na kashi 95, wato mafi ƙanƙanta da mafi girman bambancin da alƙalumanki za su iya ɗauka. In sun faro daga ɗan cutarwa suka kai amfani mai yawa, ki faɗa ƙarara cewa mutanenki sun yi kaɗan a yanke hukunci. "Ban gano bambanci ba" daban yake da "babu bambanci".

Tambaya: Wani mai magani a kasuwarmu ya ce ya ba mutum goma masu mura jiƙonsa, takwas sun warke cikin mako guda. Ai wannan hujja ce ko?

Amsa: Ɗan'uwa, mura da kanta take tafiya cikin kwana bakwai zuwa goma. Ka tambaye shi goman da ba su sha ba, nawa suka warke. Sannan ka tambaye shi labarin biyun da suka rage.