Tambayi Mai Walda: Injin Datsa Rassa a Bayan Tarakta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gonar mangwaro da layin darbejiya a wajen Pitowa. Bara na sayi injin datsa rassan itace, wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, ina ɗaura shi a bayan tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135. Abu uku ke damuna. Bakin da ake zura rassa gajere ne, yana tofo guntaye a fuskar yaron da ke aiki. Bututun fitarwa yana toshewa in ganyen ɗanye ne. Sannan akwai wani noti da ke yawan karyewa a jikin kardan, wato sandar da ke kai juyi daga bayan tarakta zuwa injin. Wani mai walda ya ce zai liƙe wurin in huta, kuma zai yanko min wuƙaƙe daga sifirin mota da araha. Me ka gani? Daga wani manomi, Pitowa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da na ƙarshe zan fara, don shi ne mai iya cinye maka kuɗi kafin ka kai ga sauran.

Notin nan karyewar ita ce aikinsa. Kamar fis yake a wutar lantarki: idan reshe ya cije, faifan da ke ɗauke da wuƙaƙe ya tsaya cak, dole ƙarfin tarakta ya sami inda zai fita, sai notin ya tsinke a huta. In ka bari aka liƙe wurin da walda, ko aka cusa guntun rodi, ranar da faifan ya sake cijewa abin da zai ba da kai haƙoran giya ne a cikin tarakta, ko gicciyen kardan ɗin, wato mahaɗar da yake lanƙwasawa a kai. Noti ɗaya kuɗin shayi da burodi ne, buɗe bayan 135 kuwa sai ka sayar da rago. Ka ciro wanda ya karye, ka duba lambar da ke kansa, galibi 8.8 ce ko ƙasa da haka, ka sayo irinsa daidai, kauri da lamba. Sayi da yawa ka zuba a gwangwani ka ɗaure a jikin injin. Kada wani ya hau da kai zuwa 10.9 ko 12.9 wai sun fi ƙarfi. Waɗannan wurinsu jikin wuƙaƙe ne, inda ba a son komai ya motsa.

Amma in yana karyewa kullum, akwai dalili. Na farko direba. Yawancin yaranmu sai sun taka mai injin yana ruri sannan su saka juyin baya, wato abin da ke juya kardan, faifai mai nauyi yana tsaye, a fizge shi lokaci ɗaya. A saka shi injin tarakta yana tafiya a hankali, a saki kuloci a hankali, faifan ya fara juyawa, sannan a ƙara mai har allura ta kai alamar juyi 540 a minti a agogon tarakta. Na biyu, ka leƙa ramin da notin ke shiga. In ya zaizaye ya yi faɗi, sabon noti zai riƙa wasa a ciki yana gajiya. Na uku itacen kansa. Busasshiyar aduwa ko ƙirya mai kaurin damtse ba ta wannan inji ba ce, kuma a Garwa irin wannan itacen girki ne da ake ba da kuɗi a saya. Niƙa shi asara biyu ce.

Sai wuƙaƙen sifirin. Ƙarfen sifirin mota ƙarfe ne mai kyau, maƙeranmu suna fitar da adda da gatari a cikinsa tun ba yau ba. To amma adda a hannu take. Wuƙar inji tana kan faifan da ke juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya, a wasu injinan ma bel yana ɗaga shi zuwa wajen 1,000. Tsohon sifirin da ya sha hanyar Garwa zuwa Marwa yana iya ɗauke da tsagar da ido ba ya gani, ga shi a lanƙwashe, sai an miƙe shi da wuta, an huda, an sake ba shi ruwa. In ruwan ya yi yawa ya fashe, in ya yi kaɗan ya dakushe kafin azahar. Wuƙar da ta fashe a wannan gudun tana iya huda murfi ta fito. Ni dai a garejina ba na ɗora wa faifan kowa wuƙar sifirin, ko da mai injin ya yi fushi. Inda na yarda da sifirin shi ne ƙarfen da ke zaune, maƙerar da wuƙa ke datsa a kanta, tunda ita ba ta juyawa, kuma sai in an miƙe ta an goge ta sumul.

Kafin ma ka nemi sababbin wuƙaƙe, ka wasa waɗanda ke jikin injin. Ka bi gangaren da suka zo da shi daga kamfani, a ƙananan injina yakan kama digiri 30 ko sama kaɗan. Gefen gangaren kawai ake wasawa, bayan wuƙa ba a taɓa shi. Ajiye bokitin ruwa kusa, ka goga kaɗan ka tsoma. Da bakin ya yi shuɗi ka ƙona shi, ya zama laushi. In ka gama, ɗora su a kan ƙaramin sikeli ɗaya bayan ɗaya, nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba faifai zai yi ta rawa yana cin boris ɗin da yake juyawa a kai. Tazarar da ke tsakanin wuƙa da maƙera kuwa milimita 1 zuwa 1.5 ta ishi irin injinka. Ba ka da ma'auni? Haɗa ruwan zarton ƙarfe biyu, kaurinsu ya kusa milimita 1.3, ka zura tsakani. Ana wannan tarakta a kashe, makulli a aljihu, kardan a cire, ana juya faifai da hannu a gwada kowace wuƙa.

Ka'idata a wannan sana'a ita ce, duk abin da ke juyawa a bar shi yadda aka ƙera shi, abin da ke zaune a kewayensa kuwa ka gyara son ranka. A nan ne mai waldarka zai ci kuɗinsa da halal.

Bakin zurawa a ƙara masa tsawo da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2, a ɗaure gefuna da ƙarfen kwana. Ma'aunin ba wuya: ka sa wanda ya fi kowa dogon hannu a gonar ya miƙa hannu iyakar ƙarfinsa, injin a kashe, yatsunsa su tsaya nesa da wuƙa da fiye da kamu ɗaya. Ƙarin ya riƙa buɗewa yana faɗi ta waje, don rassan mangwaro masu yatsu su shige ba sai an sassare su ba. Da noti za a haɗa shi, kada a yi masa walda a jikin injin, saboda ranar da za ka shiga da shi ƙofar gida. Daga ciki, wajen tsakiya, rataya labule na roba: ka yanka gefen tsohuwar tayar mota tsiri-tsiri, faɗin yatsu huɗu, ka matse samansu da ƙarfe miƙaƙƙe, ƙasansu yana lilo. Reshe yana tura su ya wuce, guntun da ya taso baya ya daki roba ya faɗi. Duk da haka yaron ya tsaya a gefen baki, ba saitinsa ba, ya sa tabarau, ya toshe kunne. Guntayen ƙarshe da dogon reshe ake tura su.

Toshewar bututu kuwa, ɗanyen ganyen darbejiya ne ke damewa ya manne a lanƙwasa. Kafin ka kashe ko dala, ka bar rassan su sha rana kwana biyu ko uku, kuma ka riƙa cakuɗawa, damin ganye ɗaya, busasshen reshe ɗaya, shi zai share hanya. Gudun tarakta ma kada ya sauka, don iskar da ke tura guntaye daga gudun faifai take. In bai bari ba, leƙa ciki da tocila. Sau da yawa kumburin walda ne ko kan noti ya fito ganye ke maƙalewa, a goge shi. Sannan a yanka 'yar ƙofa a gwiwar bututun, faɗin tafin hannu, a sa hinji a rufe da noti biyu. Noti nake nufi, ba sakata ba, don wanda zai buɗe ya ɗauki lokacin neman sifana. Faifan nan yana ci gaba da juyi bayan an kashe tarakta, shiru, ba ƙara, kuma a nan yatsu ke tafiya.

Tambaya: Malam, ina kiwon raguna na turka a Marwa. Ɗana yana da irin wannan inji. Zai datsa min karan muskuwari, wato dawar rani? Daga wata uwa, Marwa.

Amsa: Zai yi, Hajiya, sai dai ba zai fito da laushi irin na injin niƙa dusa ba. Kara ba shi da nauyi, in aka zura shi ɗaiɗai wucewa yake a tsaye ya fito dogo. A tattara shi dami-dami daidai cikin hannu biyu, a tura ta gindi, wuƙa da kaifi, tazara a matse zuwa milimita 1. A sare saiwar tukuna. Ƙasar karal, wato laka da ake shuka muskuwari a ciki, da ke manne da ita tana cin bakin wuƙa fiye da itace.

Wasu sukan sa raga a bakin bututu wai ya ƙara laushi. Toshewa kawai take kawowa. In kina son ƙanana, a sake mayar da shi karo na biyu.

Abin da ya fi damuna waya ce. Ana ɗaure dami da waya ko igiyar leda, inji ya datse su tare da kara, dabba ta haɗiye. Saniya ta fi rago haɗiye ƙarfe, ƙusa ko guntun waya kuma yana iya huda tumbi. A kwance kowane ɗauri kafin a zura. Ɗanki ya samo mayen ƙarfe daga tsofaffin lasifika wajen masu gyaran rediyo, ya jera su a ƙarƙashin wani kwano mai gangara, a riƙa zuba datsattsen karan yana gangarowa a kai kafin ya shiga buhu. A bakin bututu ba su da amfani, gudun ya yi yawa. Kuma a share cikin injin tas in an gama datsa aduwa ko farar ƙaya, kada ƙaya ta bi abinci.

Tambaya: Oga, nawa mai bel ne. In na canza puli ya ninka gudu, ba zai fi cin aiki ba? Kuma kardan ɗina ba shi da riga, haka na saye shi a Njamena. Daga wani matashi, Kuseri.

Amsa: Ƙanena, bar puli inda yake. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke neman fizge wuƙa daga faifai ninki huɗu yake yi, notin da boris ɗin kuma ba a yi su don haka ba.

Kardan tsirara shi ne gaggawarka. Mu mutane ne masu riga mai faɗi, ga rawani, ga gyale, ga hirami a kafaɗa. Bakin riga ya taɓa sandar nan, kafin direba ya kai hannu ta riga ta naɗe mutum. In ka sami rigar roba ta asali mai sarƙa, ita ta fi. In ba ta samu ba, a lanƙwasa farantin ƙarfe a yi rumfa a kansa, a ɗaure da noti a jikin injin datsar, ta rufe sama da gefuna tun daga gicciye zuwa gicciye ba tare da ta taɓa sandar ba, ko an ɗaga ko an sauke. Duba tsawon kardan ɗin kuma: ɓangarorinsa biyu su shige juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kuma in an ɗaga injin kada su ƙure har su tokari bayan tarakta. Lokacin aiki injin ya zauna a ƙasa daram, sandar a miƙe gwargwadon iko. Giris a gicciye kowace safiyar aiki, balle da hunturu in ƙura ta sauko.

Tambaya: Guntayen da ke fitowa, in zuba su a gindin mangwaro? Ina tsoron gara. Daga wani mai lambu, Lagdo.

Amsa: Zuba, Malam, suna riƙe laima sosai a watan Maris da Afrilu. Kaurin yatsu huɗu ya isa, ka bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da jikin bishiya, ka riƙa dubawa. Gara za ta zo, amma busassun guntayen za ta fi bi, muddin ba ka jingina mata su da ɓawo ba. Kada ka binne su ɗanye cikin ƙasar da za ka shuka masara ko albasa, don wajen ruɓewa suna janye sinadarin da ke sa ganye kore, shuka ta yi rawaya. In taki kake so, tara su a rami da kashin shanu, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa, su kwana damina ɗaya.