Amsar tambayarka kan masu sana'ar hannu na Williamsburg

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo, Allah Ya yi albarka. Kace makaranta ta kai ku Williamsburg a jihar Virginia ta Amurka, kaga maƙera da masu bulo cikin kayan mutanen da, shine kake tambaya wai wasan kwaikwayo ne ko da gaske suke, kuma me yasa yaro zai shekara biyar shida yana koyon abinda inji zai yi cikin minti ɗaya.

Toh kayan jikinsu dai na nuni ne amma aikin hannunsu na gaske ne. Garin shine hedikwatar Virginia daga 1699 har 1780 da aka koma Richmond, sai ya zauna shiru, har 1926 da wani limamin coci Goodwin ya shawo kan attajirin nan Rockefeller ƙarami ya zuba kuɗi aka fara gyara shi ya zama gidan tarihi. Da suka tashi gyaran sai suka gane gini kaɗai baya riƙe tarihi, dole a samu hannun da ya iya aikin.

Shekarar da naje, a maƙerar Anderson na ɓata rabin yinina, kasan jininmu, kakanka maƙeri ne. Na tsaya ina kallon wani saurayi yana ƙera ƙusa, ya zaro sandar ƙarfe jawur daga wuta ya ɗora kan uwar maƙera, bugu kaɗan ya fidda tsini, ya datse ya zura a rami ya daki kan, ƙusa ta faɗo, kafin in gyara tsayuwa ya fara ta biyu, wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido don ƙarar masabar nan irin ta zauren baba ce sak. Bambancin kawai su kwal suke ƙonawa mu gawayi, kuma zuga-zuginsu ƙato ne ana jansa da sanda, ba na fatar akuya da muke durƙuso muna dannawa ba. Ƙusoshin nan da bulon da suke taka laka da ƙafa su buga su gasa, da su ake gyaran gidajen garin, ba ado bane.

Maganar al'ada kuma, anan muka rabu da su. Mu gado ne, ɗan maƙeri tun yana ƙarami yake zuga, ba takarda ba komai. Su a wancan zamanin yarjejeniya ake rubutawa, a damƙa yaro ga ubangida, sau da yawa maraya ne, ya zauna har ya cika shekara 21. Ci da sutura da makwanci na kan ubangida, ya koya masa karatu da rubutu, shi kuma yaro ba caca ba gidan giya ba aure har a yaye shi. In an yaye shi sai ya yi ta aikin lada a shagon wasu kafin ya buɗe nasa. Matakan nan uku, ɗan koyo da mai aikin lada da ubangida, har yau suke bi, sai dai yanzu manya ne masu albashi. Shekarun ba ɓata lokaci bane ɗana, launin ƙarfe a wuta ba a faɗa maka shi da baki, sai ka ƙona guda ɗari idonka ya gane.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Wajen 1775 kusan rabin mutanen garin baƙar fata ne, yawancinsu bayi, kuma akwai maƙera da kafintoci da masu haɗa gangar taba a cikinsu, sun iya aikin amma ba ranar yaye, ladan ma aljihun wani yake shiga. Shekaru da yawa gidan tarihin bai cika maganarsu ba, sai 1979 aka fara ba da labarinsu sosai, wannan jinkirin har yau yana min ciwo.

In ka koma kar ka tsaya hoto kawai, ka samu babban maƙerin ka gaishe shi da ladabi, kace kai jikan maƙeri ne daga Najeriya, ka tambaye shi wa ya koya masa, kuma su waye suka yi zuga a maƙerar nan lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Abinda ya faɗa ka turo min ta WhatsApp da murya, idona ya fara gajiya da karatu. Ka gaida abokan zamanka.