Farar Laka a Kwalbar Gwaji: Kuloraid ne ko Kabonet?

Tambaya: Ustaz, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Gadarif ta ƙasar Sudan, ina karatun kimiyyar sinadarai. An ba mu wani farin gari ba suna, aka ce mu gano ayon ɗin da ke cikinsa, wato ƙwayar sinadari mai cajin lantarki. Na narkar da shi, na ɗiga silba naitiret, farar laka ta sauka, sai na rubuta kuloraid. Da sakamako ya fito, ashe kabonet ne. Ina kuskuren yake?

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Idonki ya gani daidai, lakar ta sauka. Abin da ya faru shi ne kin tsallake mataki guda: ba ki fara zuba asid ba.

Azurfar da ke cikin silba naitiret ba kuloraid kaɗai take kamawa ba. In ta haɗu da kabonet, sai su yi Ag2CO3, laka mai fari-fari da ɗan rawaya, wadda a ƙaramar kwalba da wuya ki bambanta ta da AgCl, wato lakar azurfa da kuloraid. Naitirik asid mai ruwa-ruwa ne ke raba gardama. Ki fara ɗiga shi cikin ruwan samfurin. In akwai kabonet za ki ga kumfa na tasowa, iskar CO2 ke nan, wadda in kika bi da ita ta cikin ruwan farar ƙasa zai yi fari kamar madara. Ki ci gaba da ɗigawa har kumfar ta tsaya cik, sannan ki sa silba naitiret. Lakar da ta sauka bayan wannan ita ce ake saurara wa. Fara ƙal, kuloraid. Mai ɗan duhun fari, buromaid. Rawaya, ayodaid. Da yake launukan suna da kusanci, sai a ƙara da amoniya: AgCl na narkewa a mai ruwa-ruwa, AgBr, lakar buromaid, sai a mai kauri, AgI, lakar ayodaid, kuwa ko gezau. Ki ajiye AgCl a bakin taga cikin ranar Gadarif, ba da jimawa ba za ki ga ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi.

Kada ki kuskura ki sa haidirokulorik asid a wannan gwajin, domin da hannunki kin zuba kuloraid ɗin da kike nema. Haka nan ruwan famfo da na rijiya, ba a rasa su da kuloraid. Da tataccen ruwan ɗakin gwaji za ki narkar da samfur, da shi za ki ɗauraye kwalba. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, ba su ma sani ba.

Gwajin salfet ma tarkonsa iri ɗaya ne. Bariyom kuloraid na ba da farar laka da salfet, yana bayarwa da kabonet, yana bayarwa da salfait. Asid ne ke narkar da biyun ƙarshe ya bar BaSO4, wato lakar salfet. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina jeri ɗaya: kabonet tukuna, sai salfet, sai dangin kuloraid, kowanne a sabon kaso na samfurin.

In kina son ki horar da idonki a gida, ga kanwa nan, wadda ake sayarwa da sunan aɗrun a kasuwanninku. Ki matsa mata lemun tsami, za ta yi ta tafasa, kabonet ke nan. Ki jiƙa kaɗan ki ɗiga a ruwan zoɓo, jan zai juye ya yi duhu zuwa kore-kore, alamar ruwan ya bar ɓangaren tsami. Kanwa samfur ce mai kyau ƙwarai, don sau da yawa tana ɗauke da gishiri da salfet a gauraye, sai ki ga amfanin bin jeri in kin kai ta ɗakin gwaji.

Ɓangaren ƙarafa ma a kan wannan hikima aka gina shi. Tun 1841 Bajamushe Fresenius ya wallafa littafinsa na wannan fanni, kuma tsarin rukuni-rukuni da ake koyarwa har yau daga wancan zamanin ya samo tushe. Haidirokulorik asid mai ruwa-ruwa na sauke azurfa da dalma da wani nau'in zaiba. A tace, sannan H2S, wato iskar haidirojin salfaid, cikin ruwa mai asid ya sauke tagulla baƙa da kadmiyom rawaya. Bayan an kori H2S, amoniya da amoniyom kuloraid su sauke baƙin ƙarfe ja-ja mai ruwan ƙasa, da alminiyom fari mai yauƙi. Duk rukunin da ba ki sauke shi tas ba, zai biyo ki cikin na gaba ya ɓata miki launi. Don haka bayan tacewa ki ƙara ɗigo ɗaya ki tabbatar ba sauran abin da zai sauka.

A gwajin harshen wuta, sodiyom rawaya ne mai ƙarfi, kalshiyom jan bulo, bariyom kore. Fotashiyom shuɗi ne mai ɗan ja, mai rauni. Ɗan sodiyom kaɗan, ko da na gumin yatsarki a kan wayar ƙarfen da ake kai samfur wuta da ita, ya isa ya rufe shi. Ki duba ta shuɗin gilashin kobalt, kuma ki wanke wayar da asid ki ƙona ta har ta daina ba da launi.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: ba a ɗanɗana samfur, ko ya yi kama da gishirin miya. Bariyom kuloraid guba ne. H2S kuma, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ya yi yawa hanci kan daina jin sa, don haka sai a ƙarƙashin akwatin zuƙe hayaƙi.

A littafinki, ki riƙa rubuta abin da kika zuba, da abin da kika gani, da duk ayon ɗin da ka iya ba da wannan alamar, kina soke su ɗaya bayan ɗaya. Ki roƙi mai kula da ɗakin gwaji ya ba ki gishiri da sodiyom kabonet, ki maimaita gwajin a kwalabe biyu gefe da gefe, da asid da kuma babu asid.