Tafkin da ya yi kisa ba wuta ba toka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kuma tun ina yaro nake jin dattawa suna ba da labarin wani tafki a Kamaru da ya hallaka mutane da shanu a dare ɗaya. Wasu sun ce aikin dutse mai aman wuta ne, alhali kuwa an ce ba a ga wuta ko toka ba. Ta yaya dutsen da bai yi amai ba zai kashe mutane? Daga wani mai karatu a Gembu, Jihar Taraba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tafkin Nyos dattawan suke nufi, wanda ke yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, kuma labarinsu gaskiya ne. A daren 21 ga Agusta, 1986, mutum 1,746 suka rasu tare da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum.

Ba kowane dutse mai aman wuta ne ke da tsini da hayaƙi irin Dutsen Kamaru da ke kusa da Buea ba, wanda ya kwararo da narkakken dutse a 1999 da 2000. Akwai wani iri da ke samuwa idan narkakken dutse ya taso ya gamu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai wurin ya fashe ya bar wani wawakeken rami, daga baya ruwa ya cika shi. Haka Nyos ya samu, da zurfin da ya haura mita 200, kuma Tafkin Tila na kusa da Biu ma ramin tsohon dutse mai aman wuta ne.

Zafin da ke can ƙarƙashin Nyos bai mutu ba, domin yana ta sakin iskar kabon dayoksaid, ita kuma tana narkewa a ruwan ƙasan tafkin, inda nauyin ruwan da ke bisa ya danne ta shekara da shekaru, kamar yadda marfi yake riƙe iskar kwalbar lemo. A wannan dare ruwan ƙasan ya juyo sama, iskar mai ɗimbin yawa ta kuɓuce lokaci guda. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi ƙasa ta gangara cikin kwari har tsawon kilomita 25, tana shaƙe duk mai numfashi, mutane da yawa suna cikin barci. Da gari ya waye an tarar da shanun makiyaya zube a makiyaya ba rauni a jikinsu, ruwan tafkin kuma ya koma ja-ja saboda ƙarfen da ya taso daga ƙasansa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, shekara 2 kafin nan, a 1984, Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, amma sai a 2001 aka kafa bututu na farko da ke zuƙo ruwan ƙasan Nyos yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara wasu guda 2 a 2011.

Ku kuma mutanen Taraba abin ya shafe ku ta wata fuska dabam. A da an gano cewa gaɓar da ta tare ruwan Tafkin Nyos ta arewa ba ta da ƙwari, kuma da za ta ɓalle, ambaliyar za ta biyo Kogin Katsina-Ala ne ta shigo Nijeriya, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar ruwa ta Kashimbila a jiharku.