Kafin ki rubuta "babu gyaɗa" a jikin leda

Tambaya: Ina yin biskit iri biyu, mai gyaɗa da marar gyaɗa, a injin kwaɓi ɗaya. Wani mai sarin kaya ya ce sai na kawo sakamakon gwaji kafin ya karɓi marar gyaɗar. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Amsa: Hajiya, mai sarin nan yana da gaskiya. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a lungun injin ya isa ya kumbura masa leɓe da maƙogwaro har numfashi ya gagara. Ran da haka ta faru, sunanki ne a jikin ledar, ke za ki kwashe kayan daga kasuwa da kuɗinki.

Amma kada ki kwashi komai ki kai ɗakin gwaji. Fara da takardun kayan haɗinki. Ki tambayi masu sayar miki da fulawa, madara da cakulan me ke ciki, kuma me suke sarrafawa a wuri ɗaya da su, su ba ki amsa a rubuce. Sannan ki gyara tsarin aiki: marar gyaɗa da safe a wankakken inji, mai gyaɗa daga baya, kowanne da cokalinsa da farantinsa. Bayan haka ne gwaji zai yi amfani, don shi ke nuna ko wankin yana fitar da komai.

Ki nemi ɗakin gwaji mai shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta ƙasa da ƙasa. Gwajin da ake kira ELISA furotin ɗin gyaɗar yake nema, wanda ake kira PCR kuma ƙwayar halittarta. Ki gaya musu gasasshen abu ne, saboda zafi yana sauya furotin, gwajin da bai dace ba yakan nuna ƙasa da abin da ke ciki. Ki kai biskit ɗin farko da ya fito bayan wanki, nan haɗarin ya fi yawa.

Idan waje za ki kai kayan, ki duba dokar can. Tarayyar Turai tana son a bayyana abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa a jikin leda, Amurka kuma 9, tun da ta ƙara riɗi a 2023.

In raba aikin ya fi ƙarfinki a yanzu, ki cire "babu gyaɗa", ki rubuta "ana iya samun ɓurɓushin gyaɗa a ciki", ki kuma sanar da mai sarin kafin ki buga sabuwar leda.