Kwamfutar ofis na mutuwa ana tsakiyar aiki: a canza fawa ko a sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin ofishin kago a Jidda, muna aika kayan alhazai da na 'yan kasuwa zuwa Kano da Yamai. Kwamfutar tebur da muke rubuta fatura da lissafin kaya a kanta ta shekara shida. Kwanan nan sai ta ɗauke ana cikin aiki, wani lokaci ta sake tashi da kanta, da safe kuma sai an danna maɓalli sau uku ko huɗu kafin ta kama. Wani mai gyara ya ce fawa ce, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, zai canza a riyal 250. Wani kuma ya ce kwanan kwamfutar ya ƙare, in sayi sabuwa riyal 2,200. Ga Hajji ya matso. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar riyal 250 ko 2,200, yau ɗin nan ka kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa filash ko faifan ajiya na waje, ka ƙara ajiye kwafi ɗaya a intanet. Dukiyarka tana cikin sunayen masu kaya, nauyin kowane kwali, wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ana cikin rubuta fayil, fayil ɗin na iya lalacewa, kuma fawar da ke gab da mutuwa takan tafi da faifan ajiya ko madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke jone a kansa) tare da ita.

Alamomin da ka lissafa sun yi kama da na fawa, musamman wahalar tashi da safe. A cikin akwatin fawar akwai kafasitoci, wato ƙananan ma'ajiyar wuta masu ruwan sinadari, zafi yana busar da su a hankali. Ƙa'idar da masu lantarki ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Idan sun tsufa ba sa riƙe wuta da kyau suna sanyi, sai an danna an sake dannawa sun ɗan ɗumama. Ofishin da kwalaye da darduma da barguna ke shiga suna fita kullum, ga zafin Jidda da laimar teku, ƙura takan danƙare a fankar fawa ta hana iska fita. Amma zafin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da ta saki, ko soket mai rawa duk suna iya kashe kwamfuta haka, shi ya sa ba na so ka biya kowa kafin a gwada a gabanka.

Fara da abin da ba ya cin ko halala. Cire kwamfutar daga doguwar wayar da aka jona firinta da butar shayi da cajar waya, ka sa ta kai tsaye a bango da wata wayar wuta daban. Kai hannunka bayan akwatin tana aiki: in babu iska, ko fankar na gurnani, ko kana jin ƙaurin roba, ka kashe ta nan take. Sannan ka duba ko akwai ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230 kusa da inda waya ke shiga. Wannan yana da muhimmanci a Saudiyya, domin tsofaffin gine-gine har yanzu suna da soket iri biyu, na 127 da mutane ke kira 110 da kuma na 220, duk da cewa tun 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230. Idan makunnin na kan 230 aka sa shi a soket na 127, kwamfutar za ta ƙi tashi ko ta riƙa ɗaukewa. Idan yana kan 115 aka sa shi a 220, fawar ta ƙone ke nan a take.

Idan Dell ce, da yawansu suna da ƙaramin maɓalli da fitila a bayan fawar. Ka danna ka riƙe: fitila ta kama, fanka ta juya, fawar tana tashi. In ba ta kama ba, a cire wayoyinta daga madabod a sake gwadawa, domin wani abu a ciki ma yana iya danne ta.

Gwajin da zai raba gardama shi ne na mitar auna wuta, kuma kowane mai gyara na gaske yana da ita. A fawa ta gama-gari, wato ATX, babban fulogi yana da baki 24, kuma launin waya yana gaya maka abin da take ɗauka. Ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuwa ita ce ƙasa. Akwai shunayya guda ɗaya da ke ba da bolt 5 ko da kwamfutar a kashe take, muddin waya na jone. Idan ita ta yi rauni, maɓallin kunnawa ba zai amsa ba, kuma wannan ya yi daidai da matsalarka ta safe. Sassaucin da aka yarda da shi kashi 5 cikin ɗari ne: layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3 tsakanin 3.14 da 3.47.

Za ka ga mai gyara ya cire babban fulogin, ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya ce lafiyarta lau. Kada ka yarda a tsaya nan. Abin da wannan ya nuna kawai shi ne fawar tana tashi ba kaya a kanta. Ka ce ya mayar da komai, ya kunna kwamfutar, ya buɗe manhajoji da yawa, sannan ya auna ruwan ɗorawa da baƙa a wani fulogi da ba a amfani da shi. Idan 12 ya sauka ƙasa da 11.4, ko lambar na hawa da sauka, an kama ɓarawo. Wata fawar ma mita ba ta tona ta, don haka mafi sauƙi shi ne ya saka tasa mai lafiya ta gwaji, ku bar kwamfutar ta yi aiki yini guda. Ta daina ɗaukewa, magana ta ƙare. Ta ci gaba, sai a koma kan fankar furosesa, man da ke ƙarƙashinta, RAM, da kafasitocin madabod, a duba ko akwai wanda kansa ya kumbura.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kada kai ko yaron ofis ya kwance murfin fawar. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe fiye da bolt 300, kuma suna iya riƙewa bayan an cire waya. Gyaranta ma ba riba ba ce ga mai kasuwa, canza ta ake yi.

Yanzu lissafi. Riyal 250 kusan kashi ɗaya cikin tara ne na 2,200. Idan gwaji ya tabbatar fawa ce, kuma kwamfutar na ɗaukar Windows 11, canza fawa shi ne daidai. Na kawo maganar Windows ne domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta), sannan in furosesar Intel ce, ta zama ta zubi na takwas ko sama. Kwamfuta mai shekara shida akasari tana cika wannan sharaɗi. Idan taka ba ta cika ba, ko kuma an ga madabod ma ya taɓu, kada ka zuba kuɗi a ciki sau biyu, ka sayi sabuwar. Ko da sabuwa za ka saya, ba na ba ka shawarar sauya na'ura ana saura kwanaki kaɗan alhazai su fara kawo kaya, domin mayar da manhajar fatura da firinta da ma'auni yakan ci kwanaki.

Wajen saye, ka tafi da tsohuwar fawar a hannu ko hoton takardar da ke jikinta, shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid za su gane ta da gani. Ƙananan kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo sau da yawa ba sa amfani da fulogi mai baki 24, suna da nasu mai baki 6, 8, 10 ko 14, kuma girman akwatin ma daban ne. Irin waɗannan lambar samfur ake bi, ba ƙiyasi ba. Idan ta gama-gari ce, wat 350 zuwa 450 na kamfani sananne mai tambarin 80 Plus ya wadatar da kwamfutar da ba ta da katin hoto na musamman. Kada babbar lambar kan kwali ta ruɗe ka. Duba amfiya nawa layin bolt 12 ke bayarwa ka ninka da 12: wadda aka rubuta wa wat 500 amma amfiya 18 take bayarwa, wat 216 kawai take da shi a layin da furosesa ke sha. Ka tambayi mai riyal 250 ɗin sunan fawar da zai saka, sabuwa ce ko ta hannu, sannan ka karɓi fatura da takardar garanti da sunan ofishinka.

Bayan an canza, ka ɗaga kwamfutar daga kan kafet, ka bar tazarar taki ɗaya tsakaninta da bango, a riƙa busa ƙurar da bulowa duk wata uku ana riƙe fanka kada ta yi ta juyawa. Ka sa mata UPS, wato akwatin ajiyar wuta mai batir, mai VA 650 zuwa 1000, wanda zai ba ka mintunan adana aiki idan wuta ta ɗauke. Kwamfuta da allo kaɗai za ka jona masa; firintar leza tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama, ita a bar ta a soket nata na bango.